DAGA BAKIN ALLO: 'Ya'yanmu Da Tekun Da Ba Su Sani Ba

A wannan wata muna so mu tattauna ne kan wani abu da ke ƙarƙashin hancinmu amma ba mu kula da shi ba, wato teku.

Ku tambayi yaro a New Bell daga ina kifin banda yake zuwa, zai ce muku daga kasuwa. Alhali ita kanta ƙasar nan daga ruwa ta samo sunanta. A shekarar 1472 Turawan Fotugal suka shigo kogin Wuri, suka tarar da jatan lande jingim, suka raɗa masa suna Kogin Jatan Lande da harshensu. Daga nan kalmar Kamaru ta fito.

Akwai wani ƙauyen masunta mai suna Ebodje, kudu da Kribi a kan hanyar Campo. Mutanensa sun keɓe ɗan ƙaramin ɗaki, Maison de Ndiva, inda ake nuna wa yara da baƙi rayuwar kunkurun teku: yadda uwar ke fitowa da dare ta binne ƙwai cikin yashi, da yadda 'ya'yan ke ƙyanƙyashewa bayan kamar wata 2. Ƙauyen da a da ake cin ƙwan nan, yau masu gadinsa ne ke zaga bakin ruwa. Haka kuma a tafkin Ossa da ke Dizangue, ƙungiyar AMMCO tana wayar da kan masunta da 'yan makaranta game da ayu.

To, ina ruwanmu? Da ruwanmu ƙwarai. Ayun nan shi ne wanda kakanninmu suka sani a Binuwai da Kwara, kuma har gobe ana tallar man ayu a matsayin magani. Dabba ce mai cin ciyawa, ɗa ɗaya take haifa bayan goyon ciki na kusan shekara guda, kuma dokar Kamaru ta hana kashe ta. Kifin bandar da 'yan kasuwarmu ke saya a Youpwe su yi Arewa da shi, da itacen matanda ake ƙyafe yawancinsa. A cikin saiwoyin matandar nan kuwa ƙananan kifi da jatan lande suke girma. In aka sare ta kaf, kifi zai yi ƙaranci, cinikinmu ne zai faɗi. Ga kuma leda. Tun 2014 aka hana amfani da siririyar leda a ƙasar nan, amma ku dubi lambatun unguwarmu. Wadda ta tsaya ta toshe hanyar ruwa, damina ta shigo mana ɗaki. Wadda ta wuce ta faɗa Wuri ta nufi teku, kunkuru ya ɗauka abinci ce ya haɗiye.

Shawararmu ita ce, kowace makaranta a unguwa, ta boko da ta Islamiyya, ta ajiye akwatin gilashi na ruwa mai kifi. Masu yanka gilashi suna nan, 'ya'yan karfasa da tarwaɗa ba su da wuyar samu. Yara su riƙa ciyar da su bi da bi, suna canja ruwa, suna rubuta abin da suka gani. Ranar da aka bar ruwan ya ƙazantu, za su ga kifi ya taso sama yana haki. Wannan darasi ya fi wa'azin malami na sa'a guda, domin gani ya kori ji. Sau ɗaya a shekara kuma a kai su Youpwe da safe su ga saukar kwale-kwale, a biya da su gidan tarihin teku da ke Bonanjo.

Muna roƙon sarkin Hausawa da limamai da alhazan kasuwa su sa baki, ƙungiyoyin iyaye su ɗauki nauyin akwatin farko kafin a koma makaranta a watan Satumba. Malaman da ke son haɗa kai su rubuto ta ofishin wannan jarida.

Allah Ya sa mu dace. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.