Sallamar Albert Pujols: An Ci Moriyar Ganga Ne, Ko Lokaci Ne Ya Yi?

Ranar 6 ga watan Mayun 2021, ƙungiyar ƙwallon besbol ta Angels da ke jihar Kalifoniya a Amurka ta fitar da sanarwa cewa ta cire sunan Albert Pujols daga jerin ƴan wasanta. Shekararsa 41 a lokacin, shi ne mafi tsufa a babbar gasar besbol ta Amurka, kuma yana cikin shekara ta goma, ta ƙarshe, ta kwantaraginsa da ƙungiyar. Wata biyar kacal suka rage kakar wasa ta ƙare ya tafi da ƙafarsa. Ba a shirya masa wasan bankwana ba, ba a ba ƴan kallo damar miƙewa su tafa masa ba. An wayi gari kawai ba ya nan.

Mun san besbol ba wasanmu ba ne. A fadojin matasa na Maradi, Damagaram ko Tawa, gardamar Real Madrid da Barcelona ake yi, sai ta kokowa idan lokacin takobi ya zo. Amma wannan labari na ɗan ci-rani ne da ya bar ƙasarsa yana yaro, ya sayar da ƙarfinsa a ƙasar wasu, ƙarfin ya ragu, uban gidansa ya sallame shi. Duk mai karatunmu da ke aiki a ƙetare ya san wannan hanya, ko da bai taɓa riƙe sandar besbol ba.

An haifi Pujols a 1980 a Santo Domingo, babban birnin Jamhuriyar Dominika. Iyalinsa sun ƙaura zuwa Amurka a 1996, suka zauna a jihar Missouri. Lokacin da ƙungiyoyi ke zaɓen sababbin ƴan wasa a 1999, sai da aka ɗauki mutum 401 kafin ƙungiyar Cardinals ta birnin St. Louis ta ambaci sunansa. Shekara biyu bayan haka ya shiga babbar gasa, aka zaɓe shi gwarzon sababbin shiga na 2001.

Ga wanda bai san wasan ba: mai jifa ne ke wurgo ƙwallo da gudu, mai bugu ya mayar da ita da sanda. Bugun da ya fi daraja shi ne wanda ƙwallo ke tsallake katangar fili gaba ɗaya, abin da suke kira hom ran. Kuma wasa ne mai wuya, domin mai bugun da ke dacewa sau 30 cikin 100 gwani ne. A shekara 11 da Pujols ya yi da Cardinals, yana dacewa kusan sau 33 cikin 100, ya yi bugun tsallake katanga 445. Sau uku ya zama gwarzon ɗan wasan rukuninsu, a 2005, 2008 da 2009. Sau biyu ya ɗauki kofin gasar, a 2006 da 2011.

A watan Disamban 2011 ne Angels ta ɗauke shi a kan dalar Amurka miliyan 240 na tsawon shekara 10, wato fiye da miliyar 100 na kuɗin sefa. Yana dab da cika shekara 32. Daga nan lissafi ya fara karkacewa. Ciwon tafin ƙafa ya katse masa kakar 2013, gudunsa ya ragu, dacewarsa a tsawon zamansa da Angels ta sauko zuwa kusan 26 cikin 100. A duk shekarun nan sau ɗaya ƙungiyar ta kai zagayen neman kofi, a 2014, kuma Royals ta Kansas City ta fitar da ita ba tare da ta ci wasa ko ɗaya ba. A farkon kakar 2021, cikin wasa 24, bai kai 20 cikin 100 ba.

To, Angels ta yi laifi? Mu fara da abin da ba shi da daɗin ji. A kan lissafin wasa, hujjarta tana da ƙarfi. Ƴan wasa 26 kawai doka ta yarda ƙungiya ta riƙe a lokaci guda. Gurabe biyu ne Pujols zai iya riƙewa a wannan shekarun nasa: tsaron zangon farko, ko gurbin mai bugu kawai wanda ba ya fita tsaro. Na farkon akwai matashi Jared Walsh, na biyun akwai Shohei Ohtani ɗan Japan. Kafin shekarar ta ƙare an zaɓi Walsh cikin taurarin gasar, Ohtani kuma ya yi bugun tsallake katanga 46 ya zama gwarzon shekara. Wanda ya ce a zaunar da waɗannan yara biyu don a faranta wa dattijo rai, ya zalunci yaran. Shi kansa Pujols bai samu wuri a 2001 ba sai da wani ya matsa masa. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Mu matasa ne muka fi kowa kuka da tsofaffin da ba sa sakin kujera. Ba zai yiwu mu yi wannan kuka a gida, sannan mu zagi ƙungiyar da ta ba matasa dama ba.

Inda muke ganin Angels ta gaza shi ne yadda ta yi rabuwar. Shugabanninta sun ce Pujols yana son a riƙa sa shi wasa kullum, su kuma ba su da wurin. Shi kuwa daga baya ya musanta cewa ya kafa wannan sharaɗi. Ko wane ne mai gaskiya a cikinsu, abu ɗaya ya fito fili: mutanen da suka yi shekara tara suna aiki tare sun kasa zama tun kafin kaka ta fara su yi magana ta fahimta. Raguwar ƙarfin Pujols ba a watan Mayun 2021 ta fara ba, shekaru aka yi ana kallonta. Da rigar Angels ya cika bugun tsallake katanga na 600 a 2017, da ita ya cika dacewa ta 3,000 a 2018, ƙungiyar ta yi biki ta sayar da tikiti da riguna da sunansa. Ranar rabuwa kuwa sai takardar sanarwa. Shi ya sa tsofaffin taurarin ƙasarsa irin su Pedro Martínez da David Ortiz suka fito fili suka nuna ɓacin ransu.

Kuma akwai wata hanyar. A watan Mayun 2018, ƙungiyar Mariners ta Seattle ta ga cewa Ichiro Suzuki, mai shekara 44, ba zai iya ci gaba da riƙe gurbi ba. Ta cire shi daga jerin masu wasa, ta ba shi muƙamin mai ba da shawara, ya ci gaba da atisaye da yaran. A watan Maris na 2019 ta tafi da shi Tokyo, ya buga wasa biyu a gaban mutanen ƙasarsa, ya ajiye sanda ana tafa masa. Mariners ta samu gurbin da take so, Ichiro ya tafi da mutuncinsa. Abin da hakan ya ci mata bai wuce tunani da shiri ba.

Abin da ya biyo baya ya ƙara nuna gaggawar Angels. Kafin kwana 12 su cika, maƙwabciyarta Dodgers ta Los Angeles ta ɗauki Pujols. Ta faɗa masa aikinsa a fili: zai riƙa shiga ne musamman idan mai jifa bahago ne, sauran lokaci ya zauna kusa da yara. Ya yarda. Ƴan wasan suka laƙaba masa Tío Albert, wato Kawu Albert a harshen Sifaniyanci, ya ƙara bugun tsallake katanga 12. A 2022 ya koma gidansa na farko, Cardinals, a kan dalar Amurka miliyan 2.5, ya sanar tun farko cewa shekarar ce ta ƙarshe. Yana da shekara 42 ya yi guda 24. Ranar 23 ga Satumba ya cika na 700, ya kammala da 703. A tarihin gasar mutum uku ne kawai suka wuce shi: Barry Bonds mai 762, Hank Aaron mai 755 da Babe Ruth mai 714. Dattijon da aka ce ba shi da wuri ya karɓi ƙaramin matsayi hannu biyu da aka yi masa magana da girmamawa.

Sai dai kada tausayi ya rufe mana ido daga darasi mafi girma. Ranar da Angels ta sallami Pujols, ba ta rage masa ko sisi ba. Albashinsa na wannan shekara dalar Amurka miliyan 30 ne, fiye da miliyar 15 na sefa, kuma ita ta biya kusan dukkansa alhali yana buga wa Dodgers wasa. Alherin mai ƙungiya bai shigo cikin wannan magana ba. Takarda ce ta tilasta masa, ita kuma takardar tana da tarihi.

Shekaru aru-aru... a'a, shekaru kusan 100 ƴan besbol suka yi suna ɗaure a hannun masu ƙungiya, ba su da ikon zaɓen inda za su yi aiki. A 1969 ita wannan Cardinals ɗin ta sayar da Curt Flood ga ƙungiyar Philadelphia bayan ya yi mata shekara 12. Flood, baƙar fata, ya ƙi tafiya, ya kai ƙara. Kotun ƙolin Amurka ta ba shi rashin gaskiya a 1972, wasansa kuma ya mutu a kan wannan gwagwarmaya. Amma ƙungiyar ƙwadagon ƴan wasa, ƙarƙashin Marvin Miller, ba ta saki maganar ba. A ƙarshen 1975 wani mai sasanci ya karya tsohon tsarin, a 1976 aka amince cewa wanda ya yi shekara shida a babbar gasa yana da ƴancin neman wanda ya fi biya. Kuɗin da Pujols ya ci a zaune, guminsa ne, amma Flood ne ya share masa hanya.

A nan ne labarin ya shafe mu kai tsaye. Dubban matasanmu suna gini, gadi, tuƙi da dako a ƙasashen waje bisa alkawarin baki. Muddin ƙarfi yana nan, uban gida yana fara'a. Ranar da baya ya ƙage ko ƙafa ta karye, babu takardar da za a nuna wa kowa. Idan mutumin da ya fi kusan kowa iya sana'arsa a duniya za a iya sallamarsa da safiya ɗaya, to wanda ba shi da suna fa? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Inda hali ya yi, a nemi yarjejeniya a rubuce. A shiga ƙungiyar ƴan ƙasa ko ta ma'aikata a garin da ake zaune. A ajiye wani abu, a koyi sana'ar da ba ta dogara da ƙarfin ƙirji kawai ba, tun jiki bai fara ba da labari ba.

Ga masu ɗaukar ma'aikata kuma, daga mai ƙungiyar ƙwallo har mai gareji da mai shago a kasuwa, hakkinku ne ku sauya wanda ya gaza. Amma ku faɗa masa da wuri, ku faɗa masa ido da ido, ku duba ko akwai ƙaramin aikin da zai iya riƙewa, ku bar shi ya yi sallama da abokan aikinsa. Matasan da kuka ba wurinsa suna kallo, kuma daga yadda kuka yi wa na jiya suke auna abin da za ku yi musu gobe.

Ra'ayinmu shi ne Angels tana da hujjar rabuwa da Albert Pujols, amma ba ta da hujjar yin ta a haka. Ta samu gurbin da take nema, ta kuma gama kakar 2021 da nasara 77 da rashin nasara 85, ba ta je ko'ina ba. Bugunsa na 700 kuwa a filin Dodgers ya yi shi, sanye da rigar Cardinals, tafiyar ƙasa da kilomita 60 daga ƙofar da aka rufe masa.