Wasiƙa Daga Ingila: Wa Ke Zaɓar Abin Da Yaranmu Za Su Ji a Makarantar Lahadi?

Na san na daɗe ban rubuto ba. Babi na uku ne ya sha mini kai, sau biyu malamin da ke duba aikina yana mayar mini da shi. Yau dai na ture shi gefe, domin akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun hutun Kirsimetin 2025 da na yi kwana 10 a wurin Yaya a Dubai. Mun yi ta da ita a can ba mu ƙare ba, na kuma gaya mata zan kawo ta gabanku. Ta ce in kawo, ita ma tana da bakin magana.

Waɗanda ba su taɓa zuwa ba, kada ku ɗauka su Yaya a gindin dogon benen nan da ake nunawa a talabijin suke. Unguwarsu Dubai Investments Park tana can kudu, wajen Jebel Ali, kusa da filin da aka yi baje kolin Expo 2020. Masana'antu ne da ɗakunan ajiyar kaya, da gidajen ma'aikata masu iyali, da kuma manyan gidajen kwana na leburori. Tun da asuba za ka ga fararen motocin bas suna kwasar 'yan Indiya da Pakistan da Bangaladash da Nepal zuwa wurin aiki. A 2021 jirgin ƙasan cikin gari ya iso unguwar. Majami'u kuwa a Jebel Ali aka tara su wuri guda, a filin da masarautar Dubai ta bayar. Akwai ta Katolika, St. Francis of Assisi, da aka buɗe a 2001, da ta Angilikan, Christ Church, ta 2002, da wasu, ga wurin ibadar 'yan Sik da na 'yan Hindu a maƙwabta. Ƙananan ikilisiyoyi da yawa hayar ɗaki suke yi a harabar manya na 'yan sa'o'i, su yi sujada su fita wasu su shiga. Irin wannan su Yaya suke zuwa. Kafin Janairun 2022, da ƙasar ta mayar da hutun mako Asabar da Lahadi, ranar Juma'a suke yin sujadarsu, har yaran suka tashi suna cewa makarantar Juma'a.

To, ranar Lahadi 28 ga Disamba muka dawo daga sujada muka kira Kaka a Wusasa. Kun san halinta, ba ta gama gaisawa da yaro ba ta tambaye shi abin da aka karanta. Babbar 'yar Yaya, mai shekara 9, ta ce jirgin Nuhu. Ta nuna mini takardar da ta shafa wa launi, da raƙumin dawa ya leƙo da kai ta taga. Kaka ta yi shiru, sannan ta ce, "Yau? Ranar yaran Baitalami?" Ita a wurinta ranar 28 ga Disamba ranar tunawa da jariran da Hirudus ya sa aka kashe ce, kuma karatun ranar yana cikin Matiyu sura 2, wanda har yanzu take kira Matta irin na tsohuwar fassarar 1932. Da na bincika jakar yarinyar sai na tarar da jirgin Nuhu har uku a shekara guda, da Dauda da Goliyat biyu, da Yunusa a cikin kifi, da Daniyel a ramin zakoki. Na Yesu kuwa, komin dabbobi ne da ɓatacciyar tunkiya, shi ke nan.

Da dare na zaunar da ita muka karanta wurin da Hausa, ina fassara mata da Turanci inda ta kasa. Yarinyar nan ba ta taɓa jin cewa an gudu da Yesu wata ƙasa yana jariri ba. Tambayarta ta farko ita ce ko Yusufu ya sami biza a Masar. Na yi dariya, amma ita ba wasa take yi ba. A Dubai aka haife ta, ba 'yar ƙasa ba ce kuma haihuwa ba ta sa mutum ya zama, zamanta a rataye yake da takardar aikin ubanta, kuma ta sha ganin ƙawayenta sun ɓace daga aji don aikin iyayensu ya ƙare. Ta gane labarin nan fiye da yadda na gane shi ina shekarunta. Sai kuma ta yi ta biyun: "Kawu, me ya sa mala'ikan bai gaya wa iyayen sauran yaran ba?" Na ce mata ban sani ba, kuma manya ma sun daɗe suna wannan tambaya. A nan ne Yaya ta shigo ta ce na tsorata mata 'ya ana cikin bikin Kirsimeti.

Ra'ayina, wanda ban canja ba har yau, shi ne a riƙa koya wa yara karatun Bishara na kowace Lahadi bi da bi, yadda shekarar ikilisiya ta tsara, a daina barin malami ya ɗauko labarin da ya fi masa sauƙi.

Bari in ɗan yi bayani saboda 'yan uwanmu Musulmi da ke karanta wasiƙun nan, da ma namu da suka manta. Shekarar ikilisiya tana farawa Lahadi huɗu kafin Kirsimeti, lokacin jiran zuwan Almasihu. Sai Kirsimeti, sai Bayyanuwa, sai azumin kwana 40 daga Larabar Toka, sai makon shan wahala da Ista, sai Fentikos bayan kwana 50, sannan dogon lokacin da ake bin koyarwar Yesu da ayyukansa har shekara ta zagayo. A 1969 Katolika suka fito da jadawalin karatu na shekara uku, wasu ɗarikoki suka ɗauka suka gyara, nasu na haɗin gwiwa ya fito a 1992, kuma shi ake bi a majami'ar da nake zuwa a nan. Shekarar A ta Matiyu ce, B ta Markus, C ta Luka, Yahaya kuwa ana sako shi musamman a lokacin azumi da Ista. Lissafin ba wuya: shekarar da ta rabu da uku ba saura ta Luka ce. 2025 ta rabu, don haka ranar 30 ga Nuwamban 2025 aka shiga ta Matiyu. Jadawalin da ake bugawa a gida ba kullum yake dacewa da wannan aya da aya ba, amma lokutan ɗaya ne. Yaron da aka bi da shi wannan hanya daga shekara 6 zuwa 12 ya zagaye Bisharun sau biyu, kuma a zagaye na biyu ba kunnen da ya ji na farko ne zai ji ba.

Ku tuna yadda 'ya'yan Baffa suke yi a makarantar allo. Malam ba ya tambayar yaro surar da yake so. Ana farawa daga gajeru a hau sama, sura bayan sura, mai daɗin hadda da mai wuya, har a sauke. Da azumi kuma a zauna tafsiri, a ɗora daga inda aka tsaya. Na girma ina ganin wannan ban ɗauke shi komai ba, sai yanzu nake ganin hikimarsa, wato tsarin ya fi ƙarfin son ran malami. Mu ma muna da namu, a Wusasa an san shi tun da aka dawo da mishan daga cikin birnin Zariya a 1929, amma mun bar shi a babbar sujada, yara kuma mun miƙa su ga takardun shafa launi da ake saukowa daga intanet, yawancinsu daga Amurka.

In mutum ɗaya ne ke zaɓe, abin da ba ya tayar da tambaya zai zaɓa. Ni ma da ni ne haka zan yi. Amma duba abin da ke faɗuwa a ƙasa. A watan Satumba na shekarar Matiyu ake karanta misalin ma'aikatan gonar inabi a sura 20, inda maigida ya yi ta ɗaukar 'yan ƙodago daga safe har yamma, ya biya na ƙarshe daidai da na farko. A Ingila sai an yi wa yaro dogon bayanin mene ne tsayuwa a bakin kasuwa ana jiran mai ɗauka aiki. Yaran Yaya kuwa daga tagar ɗakinsu suke hango mutanen da ke aiki a zafin da ya sa gwamnati ta hana aikin waje daga 12:30 zuwa 3 na rana, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. A shekarar Luka kuma akwai mai arziki da Li'azaru da ke kwance a ƙofar gidansa. Yaron da ake kai wa manyan kantunan Dubai kowace Asabar, yana wuce masu shara bai ko dube su ba, in bai ji wannan a majami'a ba, a ina zai ji? Jirgin Nuhu ba zai gaya masa ba.

Yanzu ga hujjojin Yaya, don kada ta ce na ci amanarta. Ta ce malaman nan matan aure ne da ke aiki kwana shida a mako, ba a biyansu ko sisi, ɗakin na haya ne, minti 40 gare su, yara daga mai shekara 4 zuwa mai 12 a haɗe. Gaskiya ne, kuma ban raina su ba. Sai dai a ganina jadawalin sauƙi ne gare su, tun da ba sai sun kwana suna tunanin abin da za su koyar ba, kuma abin da iyaye suka ji a wa'azi shi yara suka ji, a mota ma a iya yin hirarsa. Ta ce a Yuli da Agusta ana rufe makarantar don kowa ya tafi hutu, shekarar za ta yanke. Wannan ma haka ne, kuma nan ne aikin ya dawo kan iyaye.

Hujjarta mai ƙarfi ita ce ta uku. Ta ce jadawalin ma ai mutane ne suka zaɓa, kuma manya suka yi wa. Ban musa ba. Har na ƙara mata da cewa Katolika a Lahadin bayan Kirsimeti ta shekarar Matiyu suna karanta gudun Masar su tsallake ayoyin kisan, sai ranar tunawa da yaran suke karanta su. Akwai kuma wuraren da ni kaina ba zan buɗe wa ɗan shekara 5 yadda suke ba, kamar fille kan Yahaya Maibaftisma. Amma sassauta labari daban, ɓoye shi daban. A Fabrairun 2000, da rikicin Kaduna, ina da kusan shekarun yarinyar nan. Ba wanda ya zaunar da mu ya yi mana bayani, amma mun ga mutanen da suka kwana a tsakar gidanmu, mun ji abin da manya ke faɗa ƙasa-ƙasa. Da Disamba ta zo aka karanta labarin Hirudus, ban ji tsoro ba, na ji cewa ashe Littafin ya san irin wannan. Yara suna jin labarin Gaza da Sudan a makaranta, wasu 'yan ajinsu daga can suke. Bangaskiyar da ba ta da komai sai raƙumin dawa a taga, ranar da yarinya ta kai shekara 15 ta fara tambaya da gaske, za ta ajiye ta tare da kayan wasanta. Na ga irinsu da yawa a jami'ar nan, 'ya'yan fastoci ma.

Akwai kuma wani abu da ban lura da shi ba sai da na zauna a ƙasashe uku. A gida yanayi yana taya mu lissafi: an kai amfanin gona majami'a don godiya, hunturu ya shigo, ka san Kirsimeti ta ƙarato, zafin bazara ya tsananta, ka san Ista ce. A nan Ingila ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi a Disamba, kyandir ɗin da ake kunnawa kowace Lahadi yana da ma'ana ko ba a faɗa ba. A Dubai yaro daga ɗaki mai na'urar sanyaya zuwa mota mai na'urar sanyaya, kantuna ne ke gaya masa lokaci, su kafa bishiyar Kirsimeti su sauke, su rataya fitilun azumi su sauke. In ba a ba shi kalandar ikilisiya ba, ta 'yan kasuwa zai bi.

Abin da na roƙi Yaya da maigidanta ba babba ba ne. Daren Asabar, minti goma, a buɗe Bisharar gobe da Hausa, ko ta 1979 ko Sabon Rai Don Kowa da ke cikin waya kyauta, yaro ɗaya ya karanta ko da yana tuntuɓe, a bar su su yi tambaya, in ba a san amsa ba a ce ba a sani ba. Tsuntsu biyu ke nan, don Hausar autan ta kusa ƙarewa, "ina kwana" ma sai an tuna masa. Maigidan ya yarda nan take, amma kun san shi, yarda ba ta yi masa wuya. Yaya ta ce za ta gwada zuwa Ista ta gani, da sharaɗin ni zan riƙa aiko da ayoyin kowace Alhamis, kuma duk tambayar da ta gagare ta ni za a kira, ko ƙarfe nawa ne a Ingila.

Gwaggo, ke da kika yi shekaru kina koyar da makarantar Lahadi, ina jiran naki. In akwai tsohon Littafin Addu'a na Hausa da ba a amfani da shi a ɗakin Kaka, a ajiye wa mai zuwa Dubai. A gaida Baffa da mutanen gidansa, a ce masa ban manta da maganin ƙafarsa ba.

Naku,
Kawun yara