Wa Ya Gina Gada Mai Rufi a Bayan Kufena?



Maganar wannan makon a kan dutse ce da ruwa da gada, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A cikin labaran da ake turowa zauren nan don a duba, akwai wani fage da ya kusa zama farilla. Ranar da saurayi zai faɗa wa budurwa abin da ke ransa, sai ya ɗauke ta a mota zuwa "wani tsauni mai ni'ima". Su hau har ƙololuwa ba haki ba gumi, ita da takalmi mai tsini. A can sama ruwa na zubowa "gwanin ban sha'awa", tsuntsaye na "rera waƙoƙi", furanni "kala-kala". Yanzu kuma an ƙaro sabon yayi: gadar katako mai rufi, inda masoyan za su fake idan ruwan sama ya sauko. Labari uku na ga wannan gada a cikinsu, a ɗaya ma cewa aka yi a bayan Dutsen Kufena take.

Kufena fa, jama'a. Ta Zariya, kusa da Wusasa, wadda ake hangowa tun daga titi. Don Allah wanda ya san kafintan da ya gina gadar ya faɗa mana sunansa.

Na san inda aka samo ta. Hoto ne aka gani a waya, ya yi kyau, aka tsinko shi aka dasa a ƙasar Zazzau. Irin wannan gada akwai ta da gaske, tana da yawa a Amurka, musamman jihar Pennsylvania, akwai kuma wata tsohuwa sananniya a birnin Lucerne na ƙasar Suwizalan. Amma masu ita ba don masoya suka rufa ta ba. Katako ne, in ruwa da ƙanƙara da rana suka yi ta dukan sa sai ya ruɓe cikin 'yan shekaru, in kuwa aka yi masa rufi da bango sai ya haura shekara ɗari. Rufin nan magani ne na wata matsala tasu. Mu matsalarmu gara ce da ambaliyar watan Agusta, maganin da kakanninmu suka samo kuwa shi ne azarar giginya, wadda gara ba ta cika iya mata ba. A jera azara a kan ƙorama, a shimfiɗa ƙirare, a zuba ƙasa a daddaɓe. Sunan wannan kadarko. Marubuci nawa ne a cikinmu ya taɓa sa kalmar kadarko a labarinsa? Wanda ya taɓa bi ta kansa da buhun masara a bayan babur, ruwa ja na wucewa a ƙasa da ƙarfi, azara ɗaya tana motsi, ya san cewa in bugun zuciya ake nema a labari to ga shi nan a arha.

In kuma tsohuwar gada mai tarihi kake so, ba sai ka je Turai ba. A lambun Gamji da ke Kaduna, bakin kogi, akwai 'yar ƙaramar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa da ake kira Gadar Lugga. A Zungeru aka kafa ta a 1904, lokacin da can ne hedikwatar Turawan mulki, daga baya aka kwance ta aka kawo Kaduna. Gada ce da ta yi hijira daga gari zuwa gari. Ba ta da rufi, amma tana da labari, kuma ban taɓa cin karo da ita a rubutun kowa a zauren nan ba.

Haka maganar ruwan. Muna rubuta "wotafol" ko mu yi ta kwana-kwana, alhali a jiharmu akwai wurin da sunansa ma ya isa darasi: Matsirga, kusa da Kafanchan, wato inda ruwa ke tsirgowa. Daga duwatsun Kagoro ruwan yake fitowa, ya faɗo daga tsayin da ya kai kimanin mita 30. Ga Gurara a jihar Neja, ga Assop a Filato, ga Farin Ruwa a Nasarawa. Ko wannan sunan na ƙarshe kaɗai ka duba, wanda ya raɗa shi ya fi mu lura, don ya ga yadda ruwa ke komawa fari fat in ya dako dutse.

Yanzu bari in zo kan amsoshin da na san za a ba ni, don na sha jin su.

Za a ce ai ƙagaggen labari ne, ba darasin labarin ƙasa ba, marubuci na da 'yancin ƙirƙira. Gaskiya ne. Amma ita ma ƙarya tana da ladabinta. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar 1933, cike yake da abin da bai taɓa faruwa ba, duk da haka daga Kwantagora aka taso, kuma kasuwannin da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke tafka tsiyarsu kasuwanni ne da kowane Bahaushe ya gane. Mai karatu zai yafe maka aljani mai kai bakwai. Abin da ba zai yafe ba shi ne ka ce masa an shuka rake a kan fa. Duk ɗan Maƙarfi ko Kudan da ya karanta wannan ya ajiye littafinka ke nan, domin ya san rake ɗan fadama ne, kuma daga nan ko gaskiya ka faɗa masa a kan zuciyar jarumarka ba zai yarda ba. Ka riga ka nuna masa ba ka duba abin da kake faɗa.

Kuma su magabatan nan sun taka ƙasa. Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Sun je ƙasar wasu sun kawo rahoton abin da idonsu ya gani. Mu kuma muna zaune a ɗaki muna kawo rahoton ƙasarmu daga hoton ƙasar wasu.

Za a ce babu tsaro, babu kuɗin mota. Wannan ita ce hujja mai nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Daga Paki zuwa Kafanchan tafiya ce mai nisa, kuɗin mota ya yi tsada, kuma akwai dazuzzuka a jihar nan da ba zan ce wa ko maƙiyina ya shiga don neman siffar labari ba. Rai ya fi littafi. To amma wa ya ce sai Matsirga? Ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan ba ta rasa duwatsu da kwazazzabai ba. Bayan an yi ruwa mai ƙarfi da daddare, washegari da safe je ka gindin dutse mafi kusa da garinku. Za ka tarar ruwa na sulalowa ta kan fa, ya tattaru a tsagi, ya faɗo tsayin mutum ɗaya ko biyu cikin kududdufi. Matsirga ce ita ma, ƙarama, ta kwana biyu ko uku, in rana ta buɗe ta ɗauke. Tafiyar awa ɗaya ce a ƙafa, ba ko kwabo.

A nan ne za ka koyi abin da hoto ba ya koyarwa. Cewa kafin ka ga ruwan kana jin sa, kuma in ka matsa kusa dole ka ɗaga murya, don haka jaruminka ba zai iya raɗa wa kowa kalaman so a wurin ba. Cewa fa mai gansakuka ya fi sabulu santsi, mai takalmi mai tsini sai dai a sauko da ita a goye. Cewa gamba na yankan ƙafa, ƙarangiya na manne wa zane, rema na leƙowa daga kogo ta koma, damo na shanya a inda rana ta fara bugawa. Cewa hawa na cin numfashi amma saukowa ce ke cin gwiwa. Cewa ba kai kaɗai ba ne a wurin: akwai ɗan Fulani da shanunsa, akwai mata masu wanki a ƙasa, akwai tsoho da zai ce maka kada ka wuce tsamiyar can bayan la'asar, kuma in ka zauna ka gaishe shi da kyau zai faɗa maka dalili. Wannan dalilin kaɗai babi ne guda. Sai dai a kula: kada a je shi kaɗai, a sanar da mai unguwa ko wani babba, kada kuma a shiga kwazazzabo in hadari ya haɗu, domin ruwan da aka yi a wani gari yana iya isowa ba sallama.

'Yan uwa mata za su ce mu fa ba ko'ina muke fita ba. Na yarda, kuma ku ne kuka fi yawa a harkar nan, ku kuka fi mu ƙoƙari. Amma Inna ko Goggo da ta yi shekara talatin tana zuwa rafi tana cikin gidanku. Tambaye ta yadda ake gane ƙorama za ta kawo ruwa, da bambancin rafi da gulbi da tafki, da sunan ciyawar da ke fitowa a bakin ruwa. Rubuta abin da ta ce da kalmominta. Ku kuma maza masu babur, da kuke iya zuwa Zariya kallon ƙwallo, ban ga uzurinku ba.

Abin da ya sa nake ɗaga murya shi ne wuraren nan ba jiran mu suke ba. Duwatsu da yawa ana fasa su ana lodin tsakuwa a tifa. Kadarko na komawa kwalbati, wanda alheri ne ga manomi, amma in ya tafi kalmar ma za ta bi shi in ba a rubuta ta ba. Yaron da za a haifa bana zai buɗe littattafanmu ya tarar da Dubai da gada mai rufi, ya nemi garinsu ya rasa.

Ga shawarata ga shugabannin zauren nan. Mako mai zuwa kowa ya kawo kalma 200 a kan ƙorama ko dutse ko kadarkon da ya fi kusa da gidansu. A faɗi sunan wurin, a faɗi watan da aka je, a faɗi wanda aka tarar a can yana me. Kalmomi uku an hana: "ni'ima", "ban sha'awa", "kala-kala". Ni zan kawo na kwazazzabon da ke hanyar gonarmu.