Abin Da Ya Sa Tsofaffin Wasannin Ban Dariya Ba Su Tsufa

Sau da yawa akan ji dattawa suna cewa wasannin ban dariya na talabijin na da sun fi na yanzu armashi, samari kuwa su ce ai kowa zamanin ƙuruciyarsa yake yabo. Mu dai a ganinmu dattawan suna da gaskiya, sai dai ba su cika faɗin dalili ba. Dalilin kuwa shi ne, masu tsara wasannin nan sukan bari sai ka san halin mutum sarai, ka san inda rauninsa yake, sa'an nan su jefa shi inda raunin zai tona masa asiri a gaban jama'a.

A dubi I Love Lucy, wanda aka yi a Amurka daga 1951 zuwa 1957. Lucille Ball ce take fitowa a matsayin matar aure mai karambani, wadda ba ta taɓa yarda wani abu ya fi ƙarfinta. A wani kashi na 1952 ita da ƙawarta suka kama aiki a ma'aikatar alewa, inji yana jawo alewa a jere, su kuwa suna naɗewa. An gargaɗe su cewa in ɗaya ta wuce ba a naɗe ba, a bakin aikinsu. Da injin ya fi ƙarfin hannunsu, maimakon su faɗi gaskiya, sai suka shiga cusa alewa a baki, da cikin hula, da cikin riga. Shugabar aiki ta dawo ta ga wuri fes, ta yaba musu, ta ce a ƙara wa injin gudu. Ko wanda bai san kalma ɗaya ta Turanci ba zai yi dariya a nan, domin ya san ramin ƙarya ƙurarre ne, tun daga nesa yana hango inda za a kwana.

Wanda ya fi kusa da mu ma'aikata kuwa shi ne Fawlty Towers na Ingila, kashi 12 kacal, shida a 1975, shida a 1979. John Cleese ya fito a matsayin Basil Fawlty, mai masaukin baƙi, wanda ke rawar jiki gaban mai sarauta, ya wulakanta talakan baƙo. A kashin farko wani ɗan damfara ya zo ya ce shi basarake ne. Nan da nan Basil ya tashi waɗansu baƙi daga teburinsu saboda shi, ya ba shi fam 200, ya karɓi jakarsa ajiya da hannu biyu. Da aka buɗe jakar sai ga tubala. Baƙon nan kuma da ya yi ta yi wa kallon banza, ashe ɗan sanda ne mai bin sawun ɓarawon. Wane ne a cikinmu bai san akawun da ke durƙusa wa babba har ƙasa, ya juyo ya daka wa mai neman takarda tsawa ba? Girman kai rawanin tsiya. Abin lura shi ne, da masu kallo ba su san ladabin karɓar baƙo ba, da ba su ga abin dariya ga mai karya shi ba.

Amma fa ba duk tsohon wasa ne ya tsira ba. Mind Your Language, wanda aka fara a Ingila a 1977, aka kuma yi ta nuna shi a ƙasar nan, kusan duk dariyarsa a kan gurguwar Turancin baƙi take, da siffar da Bature ya liƙa wa kowace ƙabila. A 1979 gidan talabijin ɗin da ya yi shi ya dakatar da shi saboda wannan. Mu da muka tashi cikin wasan barkwanci mun san bambancin. Bafillace da Babarbare, ko Bakano da Bazazzagi, ko jika da kaka, kowa yana da izinin ramawa, kuma akwai iyakar da ba a tsallakewa. In bakin ɗaya ne kullum a buɗe, wannan ya tashi daga wasa ya koma gori.

Wani zai ce, to, Samanja Mazan Fama fa, ba da Hausar bariki yake ba da dariya ba? Haka ne, yana mai da mace namiji, yana cusa Turanci inda ba wurinsa ba. Sai dai marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, shi kansa tsohon soja ne, cikin barikin ya zauna, harshen abokan aikinsa yake yi. Kuma ba harshen kaɗai ke ɗauke da wasan ba. Mutum ne da ya saba da umurni da fareti, yana so gida da kasuwa su bi oda, su kuwa ba su san wannan ba. Sojojin da ake kwaikwayo ma suna cikin masu kallonsa, suna dariya tare da kowa.