A Mayar da Masaukan Baƙi Gidajen Marasa Muhalli

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 jama'a ke ta kwararowa cikinta, daga baya rikicin Boko Haram ya koro iyalai masu yawa daga Borno da Yobe, ga kuma zaizayar ƙasa da ke cin gidaje da damina. Haya ta fi ƙarfin talaka, har wasu bayin Allah sun koma kwana a tashoshin mota da kangaye. A 2020 jihar Kalifoniya ta Amurka ta ɓullo da shirin Homekey, aka sayi otal-otal aka mayar da su gidajen dindindin ga marasa muhalli, tare da kula da lafiyarsu. Hikimar a fili take: ɗakuna da banɗakuna suna nan a gine, gyara kawai suke jira. Ya kamata gwamnatin Gombe ta ƙidaya masaukan baƙin da kasuwarsu ta mutu, ta saya, ta fara tsugunar da iyayen marayu da tsofaffi da masu taɓin hankali. Rabon hatsi da azumi alheri ne, amma sai mutum ya sami makwanci tabbatacce kafin ya riƙe sana'a, ya sha magani kan lokaci, ya sa 'ya'yansa makaranta.