Zauren Iyaye Mata: Yaron da aka naɗa sarki, da dokar da ta ɗaure Ailan kusan shekara 300

Yau tarihi zan ɗan jawo mana, kuma ina roƙon kowace uwa ta karanta tana tuna ɗanta mai shekara goma.

A 1487 wasu manyan Ingila da ba sa ƙaunar Sarki Henri na Bakwai suka samo wani yaro, Lambert Simnel, ɗan talaka mai kimanin shekara goma. Wani limamin coci ya koya masa magana da tafiya irin ta 'ya'yan sarauta, aka ce shi ne magajin gadon Ingila. Aka tsallaka da shi Ailan, manyan ƙasar suka mara masa baya, aka ɗora masa kambin sarauta a Dablin ranar 24 ga Mayu. Ba a yi wata guda ba, ranar 16 ga Yuni, dakarun Henri suka murƙushe magoya bayansa a yaƙin Stoke. Sarki ya ga yaron 'yar tsana ce kawai a hannun manya, ya yafe masa, ya tura shi madafar fada yana juya nama a wuta.

Yaro ya tsira, amma ƙasa ba ta tsira ba. Da wani mai irin wannan da'awa, Perkin Warbeck, ya sake ɓullowa a birnin Kok a 1491, Henri ya daina yarda da manyan Ailan. A 1494 ya aika Sir Edward Poynings ya riƙe masa ƙasar. Poynings ya tara majalisa a garin Drogheda, aka zartar da dokar da har yau ake kira da sunansa: majalisar Ailan ba za ta zauna ba sai da izinin sarki, kuma ba za ta tattauna wani ƙudiri ba sai sarki da mashawartansa a Ingila sun fara gani sun amince.

Wata za ta ce, ina ruwan uwa da wannan? Ga ruwanta. A 1699 majalisar Ingila ta hana Ailan sayar da tufafin ulu ga ƙasashen waje, don kare masaƙanta. Gidajen da ke ci da kaɗi da saƙa suka rasa kasuwa, kuma majalisarsu ba ta da bakin karewa. A 1720 Landan ta fito fili ta ce tana da ikon yi wa Ailan doka kai tsaye. Sai a 1782, bayan gwagwarmayar Henry Grattan da abokansa, aka sassauta ɗaurin. Hakan ma bai daɗe ba, domin Firayim Minista William Pitt ya sa aka haɗe ƙasashen biyu, majalisar Dablin ta rushe daga 1 ga Janairu 1801.

Abu biyu na ɗauka a nan. Na farko, masu neman mulki ba su daina neman ɗan wani su sa a gaba ba. Lokacin zaɓe muna ganin yara a bayan mota suna ihu, wasu da makami a hannu, alhali 'ya'yan mai gidan suna makaranta. Simnel ya samu sarkin da ya yafe masa. Ba kowane yaro ke samun haka ba. Idan ɗanki ya shigo da kuɗi ko sabuwar waya, ki tambaye shi wa ya ba shi, kuma a bakin me.

Na biyu, dokar da aka yi a inda ba ki da murya tana iya isowa har cikin tukunyarki. Saboda haka mu san wakilanmu, mu riƙe katin zaɓenmu, mu koya wa yara tambaya kafin su bi.

Ke fa 'yar'uwa, yaya kike yi da naki idan guguwar siyasa ta taso a unguwa? Ki rubuto mana a ƙasa, wata za ta amfana. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.