Shugaba Madubin Ma'aikata Ne

A cikin birnin Gombe akwai unguwa mai suna Shamaki. A ƙasar Hausa, Shamaki sarauta ce ta mai kula da dawakin sarki. Idan ranar hawan Salla ta zo aka ga dawaki sun rame, ba a tuhumar yaron da ke yanko ciyawa. Shamaki ake tambaya. Wannan ya nuna cewa tun da can, muƙami amana ce da za a tambayi mai riƙe da ita.

Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, da Gombe ta zama babban birnin jiha, ma'aikatu da makarantu da asibitoci suka ƙaru. Ɗalibai da yawa a irin waɗannan wurare za su yi aiki nan gaba, wasunsu ma su shugabance su. A ra'ayina, halin ma'aikata yana bin halin shugabansu ne. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Mu fara da kiyaye lokaci. Idan an ce a fara aiki ƙarfe 8:00 na safe, amma shugaban makaranta bai iso ba sai ƙarfe 10:00, da wane baki zai tsawata wa malamin da ya makara? Asarar kuwa a kan ɗalibai take faɗawa, domin darasin da ya wuce ba ya dawowa. A asibiti ma, makarar ma'aikaci tana iya jawo asarar rai.

Na biyu shi ne riƙon amana. Kuɗin ofis da motar ofis ba na shugaba ba ne, ajiya aka ba shi. Malam Aminu Kano, wanda ya fara aiki a matsayin malamin makaranta, ya riƙe muƙamin kwamishina a gwamnatin tarayya. Duk da haka, har ya rasu a shekarar 1983 bai tara dukiya ba. Shi ya sa har yau ake ba da misali da shi.

Na uku shi ne adalci. Ƙarin girma da horo su bi cancanta, ba dangantaka ko ƙabila ko addini ba. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a jiha irin Gombe, inda Fulani da Tangale da Tera da Waja da Bolawa da Hausawa suke aiki a ofis ɗaya. Ma'aikacin da ya ga an fifita ɗan'uwan shugaba a kansa, gwiwarsa takan yi sanyi.

Na huɗu shi ne haƙuri da sauraro. Babba juji ne. Shugaba na gari yakan saurari masinja kamar yadda yake sauraron darakta. Idan ma'aikaci ya yi kuskure, yakan kira shi gefe ya gyara masa, ba ya muzanta shi a bainar jama'a.

Wasu za su ce ƙarancin albashi ne yake ɓata ɗa'ar aiki. Lalle akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, domin mai jin yunwa ba ya natsuwa, kuma haƙƙi ne a biya ma'aikaci a kan lokaci. Amma sau da yawa za ka ga makarantu biyu masu albashi iri ɗaya, ɗaya tana da tsari, ɗayar kuwa kowa yana yin abin da ya ga dama. Bambancin daga ofishin shugaba yake fitowa. Haka kuma, a shekarar 2004 gwamnatin tarayya ta kafa SERVICOM don kyautata wa jama'a hidima a ma'aikatu. Doka tana da amfani, sai dai ba ta aiki idan mai zartar da ita ne yake fara karya ta.

Saboda haka, ɗalibin da aka naɗa monita a aji ko shugaban ɗalibai ya fara koyon waɗannan halaye tun yanzu. Ya riga kowa zuwa, ya riƙe amana, ya daidaita abokinsa da wanda ba abokinsa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin Shamaki a fadar sarki?
2. Kawo halaye huɗu na shugaba na gari.
3. Me ake nufi da "babba juji ne"?